Kwalbar da Iya Dije Ta Kawo daga Darki

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ja mini kwana har haƙorana suka riga ni tafiya. Sunana Hansai, a Sabon Garin Wudil nake zaune, amma in kuna nemana ku ce Hansai mai fitila, don da wannan sunan aka san ni daga Lajawa har Darki. Ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma da kuke karantawa faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Kwanan baya na je awon jini, na ga wata yarinya mai farar riga ta tsoma 'yar takarda a cikin fitsari, ta ciro, ta ɗan kalla, tana ta hira da ƙawarta. Na ji ta ce wai wannan aiki ko ɗan yaye aka ba zai yi. Amma ni na yi shekara ashirin da ɗoriya ina dafa fitsarin mutane a kan wuta, da shi na ci na sha na aurar da 'ya'ya, saboda haka ku yaran yanzu ku gyara zama ku ji.

Da tsintsiya na shiga asibitin. Ƙaramin wuri ne a lokacin, ɗaki huɗu da rumfa. Mai kula da mata masu ciki wata ce daga can wajen duwatsun Jos, gajeriya, ba ta da yawan dariya, kowa Sista yake ce mata. Wata rana ta ba ni siraran kwalaben gwaji ta ce in wanke. Na wanke su da garin sabulu har suna ƙyalli, na kai mata ina jiran yabo. Ta zuba ruwa a ɗaya, ta girgiza, sai ga kumfa. Ta ce, "Hansai, wannan kumfar taki ce ko ta mara lafiya?" Na koma na ɗauraye. Wata uku ban yi komai ba sai wanki da ɗauraya da kifewa a rana.

Ranar da za ta fara koya mini, ƙwai ta aike ni na sayo. Ta fasa, ta ɗebi ɗan farin ta kaɗa a ruwa, ta zuba a kwalbar gwaji, ta kara a wuta. Ina kallo ruwan ya yi fari. Ta ce irin wannan abu yana cikin jinin kowa, su furotin suke ce masa, shi ke riƙe ruwa a cikin jijiya kada ya tsiyaye cikin nama. Ta ce ƙoda rariya ce, tana zubar da dusa ta bar gari. In rariyar ta yage, sai garin ya riƙa bin fitsari yana fita, mutum ya riƙa kumbura, fuska da safe, ƙafa da yamma. Ni da na tashi ina tankaɗe, ba sai an maimaita mini ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Fitilar sifirit ce 'yar ƙarama mai lagwani, da ɗan awartakin katako na riƙe kwalba, da ruwan tsami a kwalba mai ɗigo, da wata tsohuwar jarida. Za ki zuba fitsarin ya wuce rabi, ki karkata kwalbar, ki dafa sama kawai ki bar ƙasa da sanyinsa, don ki sami abin kwatantawa. Bakin kwalbar kuma ki juya shi bango. Ran farko ni na juya shi wajen fuskata, ya tafasa ya yi tsalle, na wuni ina warin mutumin Lajawa. In saman ya yi fari, kada ki yi saurin magana. Ɗiga ruwan tsami sau uku. In farin ya watse, gishirin abinci ne, ba komai. In ya tsaya, to ƙoda ce ke yoyo.

Jaridar kuwa, a bayan kwalbar ake kara ta. Sista takan ce in ana iya karanta rubutun ta cikin fitsarin, abin kaɗan ne. Na ce mata ai ni ba na karatu. Ta ce, "Ba ma'anarsa nake tambayarki ba, kina ganin baƙin ko ba kya gani?" Shekaru na yi ina kallon shafi ɗaya, har yau ban san me aka rubuta a jiki ba, amma ba wanda ya kai ni sanin ƙugiyoyinsa. Ita tana da alamominta da take sa wa a kati, ni kuma ina da nawa sunayen: garau, hazo, farau-farau, koko, kindirmo. In na leƙa na ce "Sista, koko," sai ta ajiye abin da take yi ta ɗauko abin awon jini. Mai ciki da ke da koko, ga hawan jini, ga ciwon kai, jijjiga ce ke tafe, kuma jijjiga takan ɗauki uwa da ɗa a rana ɗaya.

Na ga mutane iri-iri a rumfar nan. Wani dillalin shanu daga kara an ce ya kawo kaɗan, ya zo da cikin galan. Wata ta zuba nata a kwalbar turaren da ba ta wanke ba, ɗakin ya yi kwana biyu yana ƙamshin biki. Wani ya tako tun daga ƙauye da zazzaɓi, na sami hazo, ya fara rabon gado a bakinsa. Sista ta ce ya huta ya dawo, da ya dawo garau. Daga nan na koyi cewa gwaji ɗaya ba ya yanke wa ƙoda hukunci, sai an maimaita, kuma na farkon safiya ya fi faɗin gaskiya.

Sai shekarun kuɗi suka zo. Aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi har da na baya, babura suka cika gadar Wudil, kowane zaure rediyo. Madarar gwangwani da burodi da dunƙulen miya suka shiga gidajen da da can sai daddawa. Mutane suka yi ƙiba, kuma ƙiba ta zama abin yabo. A nan aikina ya ƙara wuya, don wanda ya kumbura ma sai a ce masa, "Kai, ka samu duniya."

A lokacin Sista ta yi wa matan ƙauyuka masu nisa sauƙi. Mai ciki za ta zo awo sau ɗaya a wata, a tsakani kuma ta aiko da fitsarin safe ta hannun wata babba a gidan. Ni ke raba kwalaben, ƙananan kwalaben magani da na dafa. Tun da ba na rubuta suna, zare nake ɗaura musu a wuya. Kowane gari da launinsa, Lajawa shuɗi, Darki ja, kowace mace kuma da yawan ƙullinta. Ƙullin ba irin na kowa ba ne. Ubana masunci ne a kogin nan, ƙullin koma ya koya mini, wanda ba ya zamewa. Ban taɓa haɗa kwalbar wata da ta wata ba.

Asabe yarinya ce daga Darki, cikin fari, jan zare ƙulli uku. Mijinta Mamman masinja ne a wani ofis a Kano, yana cikin waɗanda suka sami ƙarin nan. Uwarsa, Iya Dije, ita ke kawo kwalbar. Mace ce mai faɗa da tsafta, ba ta tafiya sai ta ji sakamako, kuma sai ta ce in ɗaga kwalbar ta gani da idonta.

Wata Talata da damina layi ya kai bakin ƙofa. Iya Dije ta miƙo mini kwalba, ta ce tana sauri, ta juya. Da na karɓa, yatsana ya ji ƙullin ba nawa ba ne. Uku ne, ja ne, amma irin ƙullin bakin buhu. Na ji, na kuma yi shiru, don mata arba'in na jirana. Wannan shi ne kuskurena na gaskiya, kuma ba shi aka hukunta ni a kai ba.

Da na kara a wuta, ko ruwan tsami ban gama ɗigawa ba ya daskare. Jarida ta ɓace gaba ɗaya. Na ce, "Sista, kindirmo. Asabe ta Darki." Ta duba kati, wata takwas. Ta ce a nemo tsohuwar, aka duba har tasha ba ta. Ta ce da direba ya tayar da motar asibiti, ni in bi shi in ɗauko yarinyar, in ya so a wuce da ita Kano. Na naɗe fitilata da kwalabe biyu a tsumma na sa a jaka, don ƙullin nan bai bar ni ba.

Bayan azahar muka isa. Mota a ƙofar gida a Darki ba ƙaramin abu ba ne, kafin in sauko unguwa ta taru. Mamman yana gida hutu, yana goge sabon babur. Na yi sallama na shiga. Wa zan gani a tsakar gida sai Asabe tana surfe, tana ɗaga taɓarya kamar ba ta da komai. Na kama ƙafarta na danna da babban yatsa, nama ya dawo nan take. Zobenta yana juyawa a yatsa. Na ce, "Kanki na ciwo? Kina ganin wuta-wuta?" Ta rufe fuska tana dariya, ta ce ita yunwa kawai take ji.

Sai na waiga. Iya Dije na zaune a bakin ɗakinta, ba ta ko tashi ba. A rumfar asibiti kullum a tsaye nake ganinta cikin mayafi, hannuna na karɓa idona na kan kwalba. Ran nan na ga ƙafafunta. An yanke igiyar takalminta an ƙara da tsumma. Awarwaron hannunta ya nutse cikin nama. Ƙasan idonta kamar an hura.

Wata maƙwabciya ta ga ina kallo, ta ce, "Kin ga Dije ko? Tun da ɗanta ya samu, sai shayi da madara. Da kamar kara take."

Na ce, "Iya, mu shiga ciki in sha ruwa."

Da muka shiga na saki labule, na durƙusa na danna ƙaurinta. Yatsana ya bar rami, ramin ya tsaya yana kallonmu.

Na ce, "Iya, wa ya kwance mini zare?"

Ta ce, "Wane zare kuma, 'yar nan?"

"Ni 'yar masunta ce. Na san ƙullina ko a cikin duhu."

Ta daɗe tana gyara bakin zane. Can ta ce a hankali, wajen saukowa daga motar kasuwa kwalbar ta faɗi ta fashe. Komawa Darki nisa, ga yarinya ta riga ta karya kumallo. Sai ta tsince zaren, ta sayi wata kwalbar wajen mai kwalabe, ta zaga bayan wani kango. Ta ce, "Na ce a raina ai duk ruwa ne. Gida ɗaya muke, tuwo ɗaya muke ci."

Na ce, "In kin yi a ƙasa yana kumfa?"

"Kamar an yi wanki. Tun kafin azumi."

"To Iya, motar nan ke ta zo ɗauka."

Ta ce ko kusa. Ba ta faɗin sunan Mamman, ɗan fari ne, sai ta ce, "Kina so wancan ya ji uwarsa ta tsuguna a kango ta yi wa matarsa ƙarya da abin da ke cikinta? Surukata ta ji? Unguwa ta ji? Gara a fitar da ni ta ƙofar nan a makara." Na san irinta. Ba barazana take ba. Za ta zauna ta kumbura har numfashi ya gagare ta, ana yi mata barka da ƙiba.

Na kunna fitila a nan ƙasan ɗakinta. Na kira Asabe ta ba ni nata, na dafa, garau. Na sa Iya ta ba ni nata, na dafa a gabanta, na ɗaga mata su biyu kamar yadda ta saba cewa in yi. Ta kalla, ta kalla. Ta ce, "Wannan nawa ne?" Na ce nata ne. Na ce, "In na samo miki hanyar da ba wanda zai ji zancen kango, za ki shiga mota?" Ba ta ce a'a ba.

Na fita zaure, ga Mamman, ga direba, ga dattawan unguwa. Na ce, "Malam Mamman, a yi haƙuri, laifina ne. Da Iya ta zo da safe na ga ƙafarta, na roƙe ta ta ba ni nata. Wajen aiki na haɗa kwalaben, na ɗaura wa nata zaren Asabe. Matarka lafiya lau. Iya ce ba ta da lafiya, kuma yau ya kamata likita ya gan ta."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kin tayar mana da unguwa, kin firgita mai ciki. Abin da ake faɗa ke nan, a ɗauki aikin masu ilimi a ba mai shara." Na ce haka ne. Ya shiga ya fito da uwarsa da kansa, yana riƙe da ita kamar ƙwai.

Muka kamo hanyar asibitinmu. Da muka isa na ja Sista gefe na gaya mata gaskiya duka. Ta auna jinin Iya, ta sake aunawa, ta rubuta takarda zuwa Kano. Sa'an nan ta ce, "Kin san abin da kika saya wa kanki?" Na ce na sani. Ta ce in na yarda ta faɗa, za ta faɗa. Na ce na riga na yi alkawari.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Direba ya ba da labari a tasha, Mamman ya kai ƙara, wani babba ya zo daga Kano ya ce wadda ba ta iya rubuta suna ba kada ta ƙara taɓa kwalba. Aka sa fitilata a kabad, aka mayar mini da tsintsiya. Daidai lokacin kuma aka fara kawo takardun tsomawan nan cikin gwangwani, kowa ya ce an huta da wari. Matan da da suke ce mini "Yaya Hansai, duba mini da kyau," yanzu in na zo shara sai su janye kwalabensu. A kasuwar Juma'a wata mai tukwane ta ce mini, "Hansai, ga tulu biyu, kada ki haɗa su." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na share rumfar nan yadda ba a taɓa share ta ba.

Iya Dije ta yi sati biyar a Kano. Hawan jini ne ya daɗe yana cin ƙodarta ba wanda ya sani. Suka ba ta ƙwayoyi, suka cire ruwan, suka hana ta gishiri da kanwa da dunƙule da ƙwayar ciwon jiki ta 'yan talla. Likitan ya gaya wa Mamman da an ƙara wata biyu da sai dai addu'a. Ta dawo kamar kara, awarwaro na yawo har gwiwar hannu, 'yan unguwa suna cewa asibiti ya tsotse ta. Asabe ta haihu lafiya, namiji.

Damina ta zagayo. Wata Talata ina shara, rumfa cike, sai ga Iya Dije da sanda, Asabe na bayanta da goyo, Mamman ya tsaya daga bakin ƙofa yana wasa da makullin babur. Ba ta zauna ba. Ta buga sandar a ƙasa ta ce, "Ina Sista? Ku kuma ku yi shiru, tsohuwa za ta tona wa kanta asiri."

Ta faɗa duka. Motar kasuwa, fashewar kwalba, mai kwalabe, har kangon ta kwatanta musu inda yake. Mata suka rufe baki da mayafi, wata dariya ta ƙwace mata, Iya ta ce, "Yi dariyarki, 'yar nan, ni ma da a kabari nake da ban ji ba." Ta nuna ni da sanda. "Wannan ba ta taɓa haɗa kwalba ba. Ni na kwance mata zare. Na yi azumi da abin nan a wuyana, na yi salla da shi, ba zan kai shi wata daminar ba. Wancan ma na gaya masa jiya."

Mamman ya tako har inda nake, ya cire hula, ya durƙusa a gaban matan nan duka. Ya ce, "Yaya, a yafe mini." Na ce ya tashi, yana tare mini shara.

Sista ta miƙe. Ta shiga ta buɗe kabad, ta fito da fitilar ta ajiye a kan tebur, ta koma wajen aikinta. Takardar mayar da ni kan aikina ta zo daga Kano daga baya. Kuma fitilar ta yi rana, don da kuɗin ƙasa suka ja baya gwangwanayen nan suka daina zuwa, waɗanda suka rage zafi ya lalata su. Shekaru muka yi ni da lagwanina muna riƙe da matan ƙasar nan.

Kafin su tafi ran nan Iya Dije ta kwance bakin zanenta, ta ciro jan zaren nan mai ƙullin buhu, ashe ta karɓe shi wajen Sista tun ranar. Ta ce, "Ungo kayanki. Ki koya mini irin naki ƙullin mana, don kada a sake kama ni."

Na ce, "Iya, wannan ba na koyarwa."

Ta ce, "To ba ni kwalba. Tawa ta kaina."

Na ɗaura mata fari, don ba garin da ke da fari. Duk wata sai ta zo da ita, ta tsaya sai na ɗaga ta gani. Kindirmo ya koma koko, koko ya koma farau-farau, a nan ya tsaya, bai taɓa zama garau ba. Da haka ta yi shekara goma sha ɗaya, ta ga jikan nan ya sauke izu goma, ta rasu a ɗakinta da ƙafafunta daidai takalminta.

Na gode wa Allah da ya ba ni wannan sana'a, na gode wa Sista, Allah ya kai haske inda take. Takardarku ta fi fitilata sauri, ba ta da wari, ba ta ƙona mayafi, ban ƙi ta ba. Amma takarda abin da ke cikin kwalba kawai take gani. Jan zaren yana nan a cikin adakata, in kun zo gaishe ni zan nuna muku. Kafin nan, duk wanda ya miƙo muku kwalba, ku sunkuya ku dubi ƙafarsa.